Shari'ar Mati a Ranar Kalankuwa

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun kafin gero ya nuna, ni samarin Unguwar Marke suka naɗa alƙalin kalankuwa. Ba don na fi kowa baki ba ne. Kurkunu ne ya kama ni a ƙafar hagu, ba na iya rawa, ba na iya gudu, sai Kamilu sarkin samari ya ce, to a ba Sama'ilu aikin zama.

Kalankuwa a wajenmu wasan bayan kaka ne. Idan an gama kai amfanin gona gida, samari kan kafa tasu hukumar ta kwana biyu a dandali. Ga gwamna, ga 'yan doka da jan ƙyalle a kafaɗa da bulalar karan rama, ga alƙali da gemun auduga a kan kifaffen turmi. Duk wanda kotun nan ta kira sai ya zo, ko da mai unguwa ne. A tuhume shi da wani laifin ban dariya, a ci shi tarar goro biyu, a tashi. Ubana ma an taɓa gurfanar da shi saboda jakinsa ya yi kuka gwamna yana cikin jawabi.

A waccan shekarar dattawa sun so a bari. Gonarmu da ta saba ba mu dami arba'in, bakwai muka ɗaure, su ma in ka ɗaga sai ka ji kamar ciyawa. Mutane sun fara cin tafasa da rama ba ƙuli. Amma Kamilu ya nace, ya ce in ba a yi ba ƙauyukan kusa za su ce mun mutu. Aka yarda da yini ɗaya, ba yanka, kuma a tashi kafin magariba.

Saura mako biyu a yi wasan aka yi mana sata.

Limaminmu Malam Hadi kawuna ne, yayan Inna. A bayan masallaci yana da wani rumbu da ake tara zakka, kuma a shekarar ɗan abin da ke ciki maiwa ce da masu gonar fadama suka kawo. Ita ce kowa yake sa rai da ita idan bazara ta matsa. Wata Juma'a maza suka tafi Kunci salla, da suka dawo suka tarar an ɗage jinkar rumbun an zare dami uku.

Ni ranar ina kwance a zaure da ƙafata. Na ga fitar Baba da farar rigarsa zai bi su. Ban ga dawowarsa ba, don ta bayan danga ya shigo. Abin da na ji shi ne Inna ta ja turmi zuwa cikin ɗaki, ta shimfiɗa tsumma a ƙarƙashinsa don kada maƙwabta su ji daka. Da yamma aka kawo mana tuwo. Ƙannena huɗu suka ci har suna lashe kwano. Ni ma na ci. Sai da na kai loma ta uku na gane tuwon maiwa ne, mu kuwa ba mu shuka maiwa ba.

Na san abin da ya kai Baba. Da ya je ya tambaya, da an ba shi, don ya cancanta. To amma ta yaya mutum zai tsaya gaban yayan matarsa ya ce ya kasa ciyar da ita? Baba tun da nake bai taɓa cin abinci a gaban Kawu ba, balle ya miƙa masa hannu.

Ba a kwana biyu ba magana ta faɗa kan Mati. Mati baƙo ne, dattijo mai haƙar rijiya, ya zo daga arewa shekara biyu kafin nan, ba mata ba ɗa. Bukkarsa tana can bakin gari kusa da marken da aka sa wa unguwar suna. Ranar Juma'ar bai je Kunci ba, yana cikin rijiyar gidan mai unguwa yana yasa. Wani ya ce ya gan shi da ƙaiƙayi a buhu. Mati kuwa kullum yana bin gida gida yana roƙon ƙaiƙayi saboda akuyarsa, kowa ya sani. Amma aka daina amsa masa sallama. Mata suka hana yara bin hanyar marke. Idan ya zo masallaci sai gefensa ya zauna ba kowa, kamar an share.

A lokacin Khalilu ɗan Kawu yana gida, an rufe musu jami'a. Taubashina ne, tun muna yara bawa yake ce mini. Kullum yana gindin darbejiyar ƙofar gidansu da wasu littattafai da ya zo da su daga Rijiyar Zaki inda yake zaune, yana karatu yana dariya shi kaɗai.

Rannan na ɗingisa zan wuce ya ce, "Kai bawa, zo nan ka gai da ubangijinka."

Na ce, "Ubangijin da aka koro daga makaranta? Me ake ba ku a cikin takardun nan ne kake ta washe baki, gari ana yunwa?"

Ya matsa mini na zauna. Ya ce littattafan Amurkawa ne na da can, wasu sun fi shekara ɗari. Ya ce a cikin marubutansu akwai waɗanda ba sa yi wa mutanensu wa'azi sam. Sai su ɗauko halin garinsu, munafuncin manya da tsoron da ake yi wa baƙo, su ƙara masa gishiri har ya zama abin dariya. Mutum yana karantawa yana ƙyaƙyatawa, sai can ya farga ashe da shi ake.

Na ce, "Kalankuwa ke nan."

Ya dube ni ya ce, "Wallahi bawa wani lokacin kana da kai. Kalankuwa ce, sai dai tasu a takarda." Ya rufe littafin ya sa yatsa a ciki. "Kuma sau da yawa a bakin wani marar wayo suke sa maganar, wanda bai ma san gaskiya yake faɗa ba. Shi ya sa na ji daɗi da aka ba ka alƙali."

Daga nan ya gaya mini abin da ya shirya. Za a kira Mati kotun wasa. Shi Khalilu zai zama mai gabatar da ƙara, ya dinga jibga masa laifuffukan da ko yaro ba zai yarda da su ba, har mutane su fashe da dariya su ji kunyar kansu. Sai ni in wanke shi, in ci gari gaba ɗaya tarar goro.

Ya ce, "In suka yi dariya sau ɗaya, maganar ta mutu. Ba wanda zai sake tayar da ita."

Na ce, "Mutanen cikin littafin naka, da suke dariyar, sun ci abinci?"

Ya ce, "Kai dai ka iya ɗaura gemu."

Ban musa masa ba. Gaskiya ma daɗi na ji, don na ga hanyar da Mati zai fita ba tare da an taɓa gidanmu ba. Washegari na lallaɓa har bukkarsa na gaya masa. Yana zaune yana gyaran igiyar guga. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba.

Ya ce, "Kotun yara ce ko ta manya?"

Na ce, "Ta wasa ce, Baba Mati."

Ya ce, "To. In an kira ni zan zo. Baƙo ba ya ƙin kira."

Ranar wasan tun da hantsi na ga abin da ban saba gani ba. Kalankuwa ta samari da 'yan mata ce, dattawa sukan leƙo su wuce. Amma da labari ya bazu cewa za a kawo Mati, sai ga magidanta sun cika gindin katangar masallaci, a tsaye, ba mai zama. Tsofaffin mata suka jeru ta bayan danga. Mai kalangu ya ɗan taɓa, ba wanda ya shiga fili, ya rataye abinsa.

Na hau turmi da rawanin aro da gemun auduga da aka manna mini da ƙaro. Muka fara da ƙananan shari'u. Aka kawo Sakinatu mai ƙosai da laifin ƙosanta ya rame. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai waken ne ya rame, ni bin sa na yi." Aka ɗan yi dariya, gajeriya, ta mutu nan take.

Sai 'yan doka suka shigo da Mati. Sun ɗaura masa igiyar rama a hannu, sako-sako, yadda ake yi wa kowa. Ya durƙusa a gabana a kan ƙasa, dattijon da ya girmi ubana.

Khalilu ya fito da wata baƙar riga ya yafa, ya sa tabarau marar gilashi, yana taku ɗaiɗai.

Ya ce, "Allah ya gafarta malam, wannan mutum da kake gani, laifinsa na farko, duk rijiyar da ya shiga sai ya shanye rabin ruwan kafin ya fito. Dubi cikinsa."

Mati kuwa haƙarƙarinsa a waje suke. Yara biyu suka yi dariya, aka harare su.

"Laifi na biyu, ya yi taro da kajin garin nan a asirce, ya hana su ƙwai."

Shiru. Khalilu ya waiga ya dubi jama'a, na ga ya fara gumi. Ya ɗaga murya, ya ɗauko babban da ya ajiye na ƙarshe, wanda ya ce mini shi zai kashe su da dariya.

"Laifi na uku, ranka ya daɗe, shi ne ya kama ruwan saman bana, ya ɗura shi a tulu, ya toshe da tsumma, ya binne a ƙarƙashin bukkarsa. Shi ya sa kuka ga damina ta tsaya."

Ya tsaya da hannu a sama yana jiran dariya. Ina jin kukan kurciya daga can kan masallaci.

Mika'ilu ne ya fara magana. Magidanci ne, ɗansa na goye ya rasu a watan. Daga inda yake tsaye ya ce, a hankali, "Ni ma na taɓa ganinsa yana binne wani abu a bayan bukkar."

Wata tsohuwa daga bayan danga ta ce, "Tun zuwansa ai ba mu ga daminar kirki ba. Ku lissafa."

Wani ya ce, "Can inda ya baro ma ai fari ne ya cinye su."

Khalilu ya cire tabarau ya ce, "Jama'a, wasa ne fa. Ni na ƙirƙire shi jiya a ƙofar gidanmu. Wa zai iya sa hadari a tulu?"

Mika'ilu ya ce, "Ɗan malam, kai ka san boko, mu mun san duniya. Allah ne ya matse bakinka."

Ba wanda ya sake kallon Khalilu. Mutane suka fara matsowa, ba da gudu ba, taku ɗaya, su tsaya, taku ɗaya. Filin da ke tsakanina da su ya dinga raguwa. Na duba na ga Kamilu ya karɓi igiyar daga hannun ɗan doka ya ƙara mata ƙulli, ya ja har hannun Mati ya haɗe. Karan raman da ke hannun 'yan doka ban san lokacin da ya koma sanduna ba. Wani yaro ya zo da fartanya ya miƙa wa Mika'ilu.

Kamilu ya ce, "Alƙali, yanke. Wanda ya iya satar zakka ai ba abin da ba zai iya ba. A tone bukkar, shi kuma a raka shi."

Na san irin rakiyar da ake nufi. An taɓa yi wa wani ɓarawon shanu ita a wani ƙauye gabas da mu, bai kai bakin hanya ba.

Kawu yana tsaye a ƙofar masallaci, yana cewa a yi haƙuri, muryarsa ba ta wuce mutum uku ba. Na nemi Baba da ido. Yana can ƙarshen katanga, ya sunkuyar da kai, yana murza bakin rigarsa da hannu biyu. Na jira shi. Ban san tsawon jiran ba, amma na jira har ya ɗago muka haɗa ido, ya sake sunkuyawa.

Mati bai roƙi kowa ba. Ni yake kallo, kamar yadda ake kallon alƙalin gaske.

Na buga sandata a jikin turmi na ce, "Kotu ta gano wanda ya ɗebi maiwa. Ga shi nan zaune a kan turmi."

Sai aka yi dariya. Ita ce dariyar kirki ɗaya tilo da aka yi a ranar, har da masu riƙe ciki. Wani ya ce, "Kai Sama'ilu, ba ka da dama."

Na sa hannu na ɓamɓare gemun, ƙaron ya tafi da fatar haɓata. Na warware rawanin na ajiye. Na sauka daga turmin na tsaya da ƙafa ɗaya.

Na ce, "Ba wasa nake ba. Ranar Juma'ar nan kowa ya tafi, ni ina gari. Ni na ɗage jinkar. Dami uku ne, na kai gida na ce wani abokina ne ya ba ni. Mun cinye biyu. Ku je ku tona bayan turken awakinmu, ƙaiƙayin yana nan."

Wannan na ƙarshen gaskiya ne, don na ga inda Inna ta binne shi.

Dariyar ta tsaya. Mika'ilu ya ce, "A kawo Alƙur'ani ya dafa."

Wannan kam ba zan iya ba. Sai ga Kawu ya ratso mutane, yanzu kam suka ba shi hanya. Ya tsaya a gabana ya dubi kumburarriyar ƙafata, ya daɗe yana dubanta. Rumbun nan sai an taka tsani ake kai wa jinkarsa.

Ya ce, "Wanda ya amsa laifi da bakinsa ba a rantsar da shi." Sannan ya juya, ba ni yake fuskanta ba, ya ɗaga murya yadda har na ƙarshen katanga zai ji. "Abin da ke cikin rumbun nan haƙƙin mai yunwa ne. Da an zo an tambaye ni, da ni zan ɗauka in kai har gida, ba wanda zai sani. Kunyar da za ta sa a ɗaure bawan Allah a rana ba kunya ba ce. Kamilu, kwance shi."

Kamilu ya yi ta fama da ƙullin da ya yi da kansa, sai da aka sa wuƙa. Mati ya miƙe ya karkaɗe gwiwoyinsa, ya murza wuyan hannunsa.

Ya ce, "An gama da ni?"

Ya bi ta tsakiyarsu ya tafi.

Ni ba a doke ni ba, albarkacin Kawu. Suna dai na samu. Har yau akwai masu ce mini Alƙali, kuma na san abin da suke nufi. Samari suka daina kirana gayya. A gida Inna ta yi kuka ta share, Baba kuwa ya daina cin abinci tare da ni, ya koma ci a ɗakinsa.

Khalilu ya zo ya same ni a zaure ana gobe zai koma makaranta. Ya zauna yana wasa da murfin biro.

Ya ce, "Sama'ilu, da ƙafar nan ka hau rumbu?"

Na ce, "Yau kuma ba bawa?"

Ya ce, "Na kusa sa a kashe mutum."

Na ce, "Ni da kai ne."

Ya so ya bar mini ɗaya daga littattafan, na ce Turancina bai wuce na aji huɗu ba, ya tafi da abinsa.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe rabinta ce ta ƙare. Ta sata ta bar kan Mati ta dawo kaina. Ta tulu kuwa ta zauna. Ba wanda ya ƙara faɗinta a fili, amma ba a sake kiran Mati yasar rijiya ba, sai a ɗauko wani daga Kunci. Wata safiya ya fita kiwo da akuyarsa, ya dawo ya tarar an tone bayan bukkarsa rami uku. Ba a sami komai ba, aka ce ai ya canja masa wuri. Na ce masa ko zai koma wani gari. Ya ce yana da shekara sittin da wani abu, kuma duk inda ya je baƙo ne.

Bazara ta shigo da zafi. Aka yi sharar gona, aka kai taki, aka zauna jira. Hadari ya fara haɗowa daga gabas da la'asar, ya yi baƙi har kaji su shige akurki, sai iska ta taso ta watsa shi. Sau uku ana haka. A na ukun ina tsaye a dandali, na ga mutane sun sauke ido daga sama sun mai da shi hanyar marke.

Tun daga ranar na ɗauki tabarmata na koma ƙofar bukkar Mati. Ƙafata ta warke, ina taya shi tufkar igiya muna kai wa kasuwar Kunci. Bai tambaye ni dalili ba, ya dai matsa mini wuri a inuwa.

Kwana huɗu da komawata, bayan azahar, sai ga Baba da ƙunshin rama a hammata. Ya yi sallama, Mati ya amsa. Ya nemi gefe ya zauna, ya maƙale rama a babban yatsan ƙafarsa ya fara tufka. Bai dube ni ba. Washegari ma ya zo, da wadda ta biyo.

Ran Alhamis hadari ya sake haɗowa ya watse. Ba a jima ba muka hango mutum biyar suna tahowa ta hanyar marke, Mika'ilu a gaba, biyu da sanduna. Da suka matso suka gan mu mu uku a zaune, sai suka rage tafiya.

Mika'ilu ya ce, "Malam Muhammadu Sani, kai ne a nan?"

Baba ya ce, "Ni ne. Nan nake yini yanzu."

Suka ɗan tsaya. Ɗaya ya ce sannunku da aiki, muka ce yauwa. Suka bi ta gefen bukkar suka miƙe kamar masu zuwa gona, ko da yake ba mai gona a cikinsu ta wajen. Mati ya tashi ya jawo akuyarsa ya ɗaure ta kusa da mu. Baba ya tofa yawu a tafinsa ya ci gaba da murza igiya.